Ƙyallen Gwaji

Alƙalamin insulin ɗaya, a naɗe cikin tawul mai danshi. Kwalin allurai uku, na kamfani uku. Katin asibiti. Na'urar gwajin suga da littafin rubuta sakamako. Tef ɗin awo. Guntun alli. Gilashin duba zare. Alewa huɗu. Sai wani tsohon gwangwanin maɓallai, a cikinsa akwai takarda mai kauri da aka manna allurai goma sha bakwai a jere, kowace da murfinta, kowace da kwanan wata a ƙarƙashinta da laifin da ta aikata.

Waɗannan ne Tela ya rungume cikin jaka a kan cinyarsa, bas na ta tsalle da shi a hanyar asibiti. Yayarsa na zaune a gefensa, ba ta ɗauko komai ba sai lema da jakar hannu.

"Sassauta wa jakar nan, Auta," in ji ta. "Ba guduwa za ta yi ba."

"Shaiduna ne a ciki, Yaya."

"To Allah ya sa kada su juya maka baya a gaban alƙali."

Shekararsa sittin da uku, gemunsa ya yi fari fat, unguwa duka Tela take ce masa, amma a bakin Yaya bai taɓa wuce Auta ba. Ta girme shi da shekara shida, ta kuma yi shekara talatin tana shugabar makarantar firamare. Tun da ta bar aiki ba ta da sauran ɗalibi sai shi.

Wata takwas ke nan da likita ya ce ƙwayoyi sun daina riƙe masa suga, sai allura safe da yamma. Tela bai ji ko ɗar ba. Mutumin da ya yi shekara arba'in da biyu yana cin abinci da allura ba zai ji tsoron ƙanwarta ba. An nuna masa sau ɗaya ya iya. To amma tun makon farko abin ya ƙi daɗi. Allurar takan cije shi, ta bar masa tabo baƙi, wani lokacin ya danna maganin ya ƙi fita sai da ƙarfi. Ya bar kamfanin farko ya koma na biyu, ya bar na biyu ya koma na uku. Suga kuwa ya mai da shi abin wasa, yau ya hau sama har ido ya yi hazo, gobe ya faɗo ƙasa. Da ya ga lambobin sun ƙi sauka sai ya ƙara wa kansa magani, bai tambayi kowa ba.

Mako biyu da suka wuce ya yanka wa wani malamin makaranta kwat, ya fitar da hannun hagu guda biyu. Makon jiya kuma Yaya ta leƙo shagon da hantsi ta same shi zaune a ƙasa jikin keken ɗinki, gumi ya jiƙe masa riga sharkaf, yana kallon ta kamar bai san ta ba. Ita ta ɗura masa ruwan sukari har ya dawo hayyacinsa. Da ya dawo ba ta yi kuka ba, ba ta yi faɗa ba. Ta ja kujera ta zauna ta yanke hukunci.

"Za mu je asibiti tare. In laifin allura ne, ka zauna a shagonka. In laifin hannunka ne, ka rufe, ka kwashe kayanka ka dawo gidana, ni zan riƙa yi maka."

Ɗakinsa na bayan shagon, nan yake kwana shi kaɗai tun rasuwar matarsa. 'Ya'yansa na nesa, kuma duk wanda ya bugo waya abu ɗaya yake faɗa, a bi maganar Gwaggo. Tela ya amince da sharaɗin nan take, don ya tabbata da hannunsa kamar yadda ya tabbata da sunan uwarsa. Sai daga baya ya ji labarin Yaya har ta sa an share ɗakin baƙi, an sauya labule.

"Tagar ɗakin tana kallon bishiya," in ji Yaya, bas ɗin na tsayawa. "Za ka ji daɗin iska."

"Ina da fanka."

"Wadda take kuka kamar akuya?"

"Mun saba da juna."

Ɗakin masu ciwon suga yana ƙarshen wani dogon baranda mai warin maganin wanke ƙasa. Suka ba da kati, suka zauna a benci awa ɗaya da rabi, Yaya na gyara wa mutane layi ba wanda ya sa ta. Da aka kira su suka sami wata nas gajera mai tabarau, agogo na lilo a ƙirjinta. Tebur ɗaya, kujeru biyu, wurin wanke hannu, taga babba. Abin da Tela ya fara gani shi ne aljihun rigarta na dama ya fi na hagu sauka da rabin inci. Ya kawar da kai da ƙyar.

"Sannu Baba, sannu Mama. Me ke tafe da ku?"

"Ƙara na kawo, 'yata," in ji Tela.

Ya buɗe gwangwanin, ya zaro takardar, ya shimfiɗa ta a teburin kamar mai nuna sabon yadi. Nas ta sunkuya tana karanta laifin kowace allura ɗaya bayan ɗaya. Ta lanƙwashe. Ta cije ni. Ta toshe. Ta fitar da jini. Ta cije ni ƙwarai. Bakin Nas ya ɗan motsa, ta tattara shi.

"Baba, duk kai ka yi wannan?"

"Ni ba na zargin kowa ba hujja. Ƙarfen yanzu ne ba shi da nagarta. Kamfani uku, duk tafiyarsu ɗaya."

Nas ba ta musa ba. Ta ɗauki kwalayen ta duba kwanan watan lalacewa, ta duba ko an taɓa buɗe hatiminsu, ta ɗaga alƙalamin wajen haske ta girgiza shi a hankali. Ta buɗe littafin sakamako, ta bi lambobin da yatsa. Sa'an nan ta fara tambaya.

"Ina kake ajiye maganin?"

"Wanda ba a buɗe ba, a firij, nesa da ƙanƙara. Wanda nake aiki da shi, a inuwa."

"Allura ɗaya, sau nawa kake amfani da ita?"

Tela ya miƙe zaune. "Sau ɗaya. Na yi miki kama da ƙazami?"

"Allah ya ba ka haƙuri, Baba, kowa sai na tambaye shi. Kana fitar da ɗigo kafin ka soka?"

"Kullum."

"In ka danna, kana jira ka ƙirga goma kafin ka zare?"

"Sha biyu."

"Me ya sa sha biyu?"

"Biyun na kalmasa ne. Ba a yanka abu cif-cif."

Yaya ta yi tsaki. "Ki duba hannunsa, 'yata. Abin da ya kawo mu ke nan."

Nas ta sa ya miƙe hannuwansa biyu, ta ɗora takarda a bayan kowanne. Takardun suka kwanta kamar an manna su. Ta sa ya juya lambar alƙalamin zuwa goma sha huɗu, ya mayar, ya karanta ƙananan lambobin. Bai yi kuskure ko ɗaya ba.

"Mama, da zan sami irin hannun nan da na ji daɗi," in ji Nas.

Tela ya juya ya kalli Yaya. Gemunsa kaɗai ya isa magana. Yaya ta mai da hankalinta kan lemarta.

Nas ta koma kan takardar allurai, ta ɗan jima tana kallo. "Yakan faru a sami kwali mara kyau. Amma kamfani uku, wata takwas? Baba, yi min abu ɗaya. Nuna min yadda kake yi, daga farko har ƙarshe, kamar kana gida. Kada ka soka dai, ga soso nan."

Yaya ta gyara zama. Ba ta taɓa gani ba. Kullum a bayan labulen gwajin kaya yake yi, ya ce ciki ba abin nunawa ba ne.

Tela ya wanke hannu har gwiwa. Ya ɓalle maɓallai uku na ƙasa. Ya ɗauko tef ya ɗora bakinsa a cibiya, ya ja dama inci uku, ya sauka inci ɗaya, ya ɗiga alli.

"Tsaya, Baba. Wannan fa?"

"Wurina ne."

Nas ta sa safar hannu ta taɓa wurin. Ƙarƙashin allin akwai ƙullutu, tauri gare shi kamar rabin dafaffen ƙwai.

"Tun yaushe kake yi a nan?"

"Wata shida. Ko'ina na soka sai zafi, sai na lura nan ya daina ji. Da ƙyar na same shi, shi ya sa na auna don kada ya ɓace min."

"Ba ka taɓa kauce masa ba?"

"Sau ɗaya. Ranar da na ajiye tef ban gan shi ba, na yi a hagu." Ya kalli Yaya. "Ranar da Yaya ta same ni a ƙasa ke nan."

Nas ta rubuta wani abu. "Ci gaba."

Ya ɗauko sabuwar allura, ya ɓare takardar bakinta, ya murɗa ta a kan alƙalamin, ya cire babban murfi da ƙarami. Hannunsa na dama ya tafi aljihun ƙirjinsa ya fito da wani ɗan ƙyallen siliki shuɗi, bai kai tafin hannu ba. Ƙyallen ba ya cikin abin da ya lissafa da safe yana haɗa jaka, don a wurinsa ba kaya ba ne, kamar yadda mutum ba ya lissafa yatsunsa. Ya ɗame shi tsakanin yatsu biyu, ya kawo shi kusa da kunne, ya soka allurar sau uku, tsuk, tsuk, tsuk, yana saurare. Sa'an nan ya ja tsininta a hankali a kan farcen babban yatsansa, ya duba ko ta yi zane.

"Wannan da dama-dama," in ji shi.



"Baba," in ji Nas a hankali, "kullum haka kake yi?"

"Wace irin tambaya ce wannan? Allurar da ba a gwada ba za a sa a jikin mutum?"

"Wa ya koya maka?"

"Ba a asibiti ba. Nan ai ba su ma ambaci gwaji ba, na ɗauka mantuwa suka yi."

Sai ya ba ta labarin, a taƙaice, don shi ba mai dogon zance ba ne. A watansa na farko a wajen maigidansa ya ɗaura sabuwar allura a keke, fil daga takarda, ya ɗora silikin wata mata. Ashe tsinin na da ɗan kaushi da ido ba ya gani. Ta ja zaren yadin tun daga wuya har ƙasa. Maigidan bai dake shi ba. Ya naɗe yadin da ya ɓaci ya miƙa masa, ya ce ya riƙa yanka kaɗan-kaɗan yana gwada kowace allura har ya mutu, sabuwa ce ko tsohuwa. Shekara arba'in da biyu yana yanka. Wannan guntun shi ne na ƙarshe.

"Tun ranar ban ƙara ɓata yadin kowa ba," in ji shi. "In ana gwada wa yadi, fatar mutum ta fi yadi daraja ko ba ta fi ba?"

"Ta fi, Baba." Nas ta miƙa hannu. "Ara min gilashin nan naka. A'a, riƙe shi, kai za ka duba. Zo wajen taga."

Ta ɓare wata sabuwa daga kwalin da ya fi zagi, ta cire murfin, ta riƙe masa a haske ba tare da ta taɓa komai ba. Tela ya kafa gilashin a ido. Ya daɗe bai ɗago ba. Tsinin an fere shi ta fuska uku, sumul, yana sheƙi, siriri har kusan ya ɓace.

"Wanda ya wasa wannan ya san aikinsa," in ji shi.

"Ka taɓa duba ɗaya kafin ka gwada ta?"

Ya yi tunani. Bai taɓa ba. Sai ta cije shi yake ɗaukar gilashi, ya ga aibinta, ya rubuta.

"To duba wadda ka gwada yanzu."

Ya duba. Tsinin ya lanƙwashe ya koma ƙugiya, kuma a bakin ramin wani siririn zare na reto. Shuɗi ne.

Tela ya sauke gilashin, ya goge shi da gefen riga, ya sake dubawa. Zaren na nan, launinsa bai sauya ba.

Wani sauti ya fito daga inda Yaya take, kamar an toshe bakin buta. Ta yi ƙoƙarin mai da shi tari, ya ƙi. Ta saki dariya har da buga lema a ƙasa, hawaye na bin kuncinta.

"Wata takwas!" in ji ta. "Wata takwas yana tsine wa kamfani uku! Har wasiƙa ya ce in rubuta musu da Turanci mai kyau!"

"Yaya, muna gaban mutane."

"Ai na ce maka shaidu suna juya baya."

Nas ta bari dariyar ta lafa, sa'an nan ta yi bayani ba kwana-kwana. Allurar keke ƙarfe ce mai kauri, an yi ta don ta huda yadi sau dubu. Wannan kuwa an yi ta ne don huda ɗaya tak, kuma da ɗan mai a jikinta don ta zame. Ƙyalle yana goge man ya bar ƙura da zare, farce yana lanƙwasa tsinin. Abin da yake sokawa a cikinsa ƙugiya ce mai datti, sa'a ce ma wurin bai yi ruwa ba. Zafin ƙugiya ya kore shi zuwa wuri ɗaya, wurin ya gaji ya yi tauri, magani in ya shiga nan sai ya kwanta ya fita lokacin da ya ga dama. Shi kuma ya ƙara yawansa. Ranar da ya soka a lafiyayyen nama, jiki ya kwashe duka a lokaci ɗaya.

Ta fita ta ga likita, ta dawo da sabuwar lamba, ƙasa da wadda yake yi. Ƙullutun a bar shi ya huta wata da watanni. Kowace allura ta matsa faɗin yatsa daga ta baya. A riƙa gwada suga sau huɗu a rana, alewa kada ta bar aljihu, a dawo bayan mako biyu. Ta ɗauki takardar allurai goma sha bakwai ta zura ta a akwatin zubar da allura.

"Na sallame su, Baba. Ba su da laifi."

Yaya ta share ido ta koma shugabar makaranta. "To 'yata, ki raba mana gardama. Laifin allura ne ko na hannu?"

"Allura lafiyarta ƙalau, Mama. Hannu ma haka."

"To na wane ne?"

"Mama, ni jinya na karanta, ba shari'a ba." Ta juya wajen Tela ta buɗe tafin hannu. "Baba, ko za ka bar min ƙyallen?"

Ya riga ya ninke shi ya mayar aljihu. "Na aiki ne," in ji shi. A bakin ƙofa ya tsaya, abin da ya ci masa rai tun shigowa ya ƙi haɗiyuwa. "'Yata, ran da ba ki aiki ki kawo rigar nan. Aljihun dama ya sauka."

A bas ɗin dawowa babu wurin zama biyu a jere, sai Yaya ta zauna gaba, shi a baya, ta riƙa juyowa.

"Hannu ne ya ɗauko ƙyallen," in ji ta.

"Kin ji da kunnenki an ce hannu lafiya."

"To kai ne. Kai da hannu ai jiki ɗaya ne, ba a kwashe ɗaya a bar ɗaya."

"Sharaɗinmu bai ambaci kai ba."

"Auta, ni na goye ka. Kujera ba ka zama sai ka girgiza ta. Ruwan wanka sai ka tsoma yatsa sau biyu. Yau ka ga zare a gilashi ka yarda, jibi in ba kowa hannun nan zai tafi aljihu kai ma ba ka sani ba."

Shi ma abin da yake tunani ke nan tun daga baranda.

"Ta yamma a gabana za ka yi," in ji Yaya. "Ba labule. In na ga abin da ban so ba, gobe mota za ta zo kwasar kayanka."

Shagon ɗaki ɗaya ne mai ƙofar katako. Keken ɗinki a bakin taga, teburin yanka a tsakiya, kwat ɗin malamin makaranta a rataye da sabon hannun dama an kafe shi da fil. Yaya ta ture tarin yadi daga kujerar baƙi ta zauna, lema a tsakanin gwiwoyinta. Tela ya kunna fanka, ta fara kukanta. 

Kafin lokaci ya yi, ya shimfiɗa takardar yankan kaya a tebur, ya zana ciki da cibiya a tsakiya, ya raba shi huɗu, kowane kashi na mako guda. Ya ɗiga wurare a jere, faɗin yatsa tsakani. Inda ƙullutun yake ya zagaye da jan alli ya rubuta, an rufe don gyara.

"Ko banza dai ka iya zane," in ji Yaya.

Ƙarfe shida ya gwada suga, ya rubuta. Ya ajiye abincinsa a kusa, a rufe. Ya wanke hannu, ya ɓalle maɓalli, ya zaɓi ɗigo na farko a hagu. Ya ɓare sabuwar allura, ya murɗa, ya cire murfi biyu, ya fitar da ɗigo, ya juya sabuwar lambar. Har nan komai daidai.

Sai ya ga hannunsa na dama ya riga ya kai bakin aljihu.

 Yaya ta ɗaga gira kawai.

Ya janye hannun, ya kai alƙalamin wajen cikinsa. A nan ne abin da bai taɓa faruwa ba ya faru. Hannun da ya zura zare a kafar allura shekara arba'in da biyu, wanda takarda ta kwanta a kansa da safe, ya fara rawa. Ba kaɗan ba, har tsinin na zana iska. Duk jikinsa na gaya masa zai ɓata yadi. Ya ga silikin matar nan yana tsagewa daga wuya har ƙasa, ya ji numfashin maigidansa a ƙeya. Kuma ya san Yaya na gani, ya san abin da ta zo nema ke nan, hannu mai rawa, ga shi ya kawo mata har gida.

Ya jira ta ce mota. Ba ta ce ba.

"Auta," in ji ta, "wanda ka yaba ɗazu a taga, ka ce ya san aikinsa. Kana tsammanin shi ba shi da maigida?"

Tela ya ɗago.

"In kai ka gama riga ka goge ka ninke, wani ya zo ya ja ɗinkin da haƙori wai yana gwadawa, me za ka yi masa?"

"In kore shi."

"To."

Ya kalli allurar. Wani a wani wuri ya fere ta, ya duba, ya rufe, ya sa hatimi. An riga an gwada. Rawar ba ta tafi duka ba, amma ta ragu. Ya ɗora gefen hannunsa a ciki kamar yadda yake dafa yadi kafin yanka, ya soka.

Ya tsaya. Ya sunkuya ya leƙa.

"Ba ta shiga ba."

"Ta shiga har gindi, ina gani daga nan."

"Ban ji komai ba."

"Haka sauran mutane suke yi, Auta. Danna."

Ya danna, maganin ya tafi salin-alin ba gardama. Ya ƙirga a fili, Yaya na bin sa da leɓe. A goma ta tsaya, shi ya wuce sha biyu. Ya zare. Ba jini, ba tabo, da ƙyar ma ya gane wurin. Ya cire allurar ya jefa a wata robar zubar da allura da Nas ta ba shi, ya soke ɗigo na farko a takarda, ya ja kwanon abinci.

Yaya ta zauna har ya ci rabi. Ta bi shagon da kallo, keken, almakashin da bakinsa ya sha washi har ya sirance, ƙofar ɗakin baya, fankar. Sa'an nan ta miƙe, ta karkaɗe zaren da ya manne mata a zane, ta zo gabansa ta buɗe tafin hannu.

"Na aiki ne, Yaya. Keke fa?"

"Shago cike da ƙyalle. Ka gwada allurar keke da wani, wanda ba ya kwana a aljihu."

"Shi ne na ƙarshe."

"Shi ya sa."

Ya ajiye cokali. Ya zaro shi, ya ninke shi biyu, ya sake ninkewa, ya sa mata a hannu. Ta buɗe jakarta ta ajiye shi kusa da mukullin ɗakin baƙi, ta ja zif.

"Labulen da na sauya fa, kuɗin banza," in ji ta. Ta ɗauki lema ta nufi ƙofa.

"To motar?" in ji Tela.

Ta fita, ta jawo ƙofar katakon har ta ce ƙaras. Daga waje muryarta ta shigo.

"Ka zauna da akuyarka. Ƙyallen ne ya koma gidana, in ka yi kewarsa ka san hanya."